RAHOTON MUSAMMAN: Saƙon imel ɗaya, asarar dala miliyan 11: Ƙofar da ɓarayin intanet ke bi su shiga kamfani

A farkon watan Afrilun 2018, babban jami'in kula da kuɗi na kamfanin Unatrac da ke Ingila ya sami wani saƙon imel mai ɗauke da adireshin da aka ce ya latsa domin shiga akwatin wasiƙunsa. Da ya latsa, sai wani shafi ya buɗe wanda ido ba zai iya bambanta shi da na Microsoft Office 365 ba, wato manhajar da kamfanin ke gudanar da wasiƙunsa a kanta. Ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, ya ci gaba da harkokinsa. Bai san cewa ya miƙa mabuɗin ofishinsa ga wasu mutane da ke zaune a wata nahiya daban ba.

Unatrac ba ƙaramin kamfani ba ne. Yana fitar da manyan injuna da motocin aikin hanya da na gona ƙirar Caterpillar zuwa ƙasashen waje, irin waɗanda Bahaushe ya ari sunansu yake kira katafila. A irin wannan wuri, biyan kuɗin kaya na dala miliyan ɗaya ko biyu a rana guda ba abin labari ba ne.

Bayanan da hukumar bincike ta FBI ta gabatar wa wata kotun tarayya a jihar Virginia ta Amurka sun nuna cewa tsakanin ranakun 6 da 20 ga Afrilu, an shiga akwatin jami'in aƙalla sau 464, akasari daga Najeriya. Masu kutsen ba su yi garaje ba. Sun duba wasiƙunsa da takardunsa, suka ga yadda ake neman a biya kuɗi da waɗanda ake aika wa umarnin, suka kwashi tambarin kamfanin da samfurin takardun neman biya. Daga nan suka saita akwatin ta yadda duk amsar da ta fito daga ma'aikatan sashen kuɗi za ta wuce kai-tsaye zuwa wani lungu, a kuma nuna kamar an riga an karanta ta. Ke nan ko da wani akanta ya ji zuciyarsa ba ta kwanta ba ya rubuto yana tambaya, mai akwatin ba zai gani ba. Ɓarawon ne zai gani, shi ne kuma zai amsa, da sunan maigidan.

Daga ranar 11 zuwa 19 ga Afrilu, sashen kuɗin ya biya buƙatu kimanin 15 zuwa asusun ajiya na ƙasashen waje. Jimillarsu ta kusa dala miliyan 11. Ko da aka farga, kuɗin sun yi nisa, abin da aka iya dawo da shi bai taka kara ya karya ba.

Sawun da FBI ta bi ya kai ta ga Obinwanne Okeke, matashin ɗan kasuwar Najeriya da aka fi sani da Invictus Obi, wanda a 2016 mujallar Forbes Africa ta sa shi cikin matasa 30 'yan ƙasa da shekara 30 da ake yi wa kallon taurarin kasuwanci a nahiyar. An kama shi a filin jirgin sama na Dulles a watan Agustan 2019 yana shirin barin Amurka. Ya amsa laifinsa a 2020, sannan a watan Fabrairun 2021 aka yanke masa ɗaurin shekara 10.

A lokacin, abin da ya fi ɗaukar hankalin 'yan Najeriya shi ne faɗuwar tauraro da kuma kunyar da aka jawo wa ƙasa. Ɓangaren da aka fi mantawa da shi kuwa shi ne na kamfanin. Ba a fasa wata na'ura ba, ba a karya wani katangar tsaro ba. Mutum ɗaya ya rubuta kalmar sirrinsa a inda bai kamata ba, sauran kuma suka yi abin da aka ɗauke su aiki dominsa: suka bi umarnin shugabansu.

"Oga ya ce"

Wanda duk ya taɓa aiki a ofis a Abuja, na gwamnati ko na 'yan kasuwa, ya san nauyin waɗannan kalmomi uku. Da zarar an ce Oga ya ce, magana ta ƙare. Ƙaramin ma'aikacin da ya koma ya tambayi Darakta ko da gaske shi ne ya ba da umarni, yana iya fitowa da sunan mai taurin kai ko marar ladabi. Wannan girmamawa, wadda a wasu wurare ita ke riƙe da tsarin aiki, ita ce jarin ɗan damfara. Ba ya buƙatar ya fi injiniyoyin kamfani ilimin kwamfuta. Abin da yake buƙata shi ne ya ari sunan wanda ba a yi wa musu, ya ƙara da gaggawa: a biya yau kafin a tashi, ina cikin taro, kada a kira ni.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa a fili ba. Manya da yawa ba su suke buɗe imel ɗinsu ba. Hadimi ne ke riƙe da waya, shi ya san kalmar sirri, wani lokacin ma shi ya ƙirƙire ta, kuma sau tari ita ce dai yake amfani da ita a nasa shafin Facebook. Sakatariya na da kwafi a bayan littafin ajiye alƙawura. Direba ya taɓa karɓar katin banki da lambarsa ya je ciro kuɗi. Babu mugun nufi a cikin wannan duka, sauƙin aiki ne da yarda. Amma a idon mai kutse, duk wanda ya san mabuɗin wata ƙofa ce daban, kuma wadda ta fi rauni zai nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanyar da ta fi yawa a 'yan shekarun nan ma ba ta imel ba ce. Wani zai kira da murya mai ladabi, ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko kwamitin unguwa yake, za a yi taro ta intanet da yamma, an turo wasu lambobi shida, a karanto masa domin a sa sunan mutum. Waɗannan lambobi su ne na mayar da WhatsApp ɗin mutum zuwa wata waya. Cikin 'yan mintoci, abokan hulɗa da ma'aikata da 'yan kwangila za su fara samun saƙo daga lambar da suka sani, da hoton da suka sani, ana neman a tura kuɗi zuwa wani asusu saboda na kullum ya sami matsala. Ga kamfanin da ke karɓar oda da aika takardun biya ta WhatsApp, kuma irinsu ba su ƙirguwa, wannan daidai yake da ɓarawo ya zauna a kan kujerar manaja.

'Yar'uwar wannan dabara ita ce wasiƙar sauya asusu. Takarda za ta iso sashen kuɗi da tambarin wani da aka daɗe ana sayen kaya a wurinsa, tana sanar da cewa daga yau a riƙa biya a sabon asusu. Adireshin imel ɗin da ta fito daga ciki ya bambanta da na gaskiya da harafi ɗaya tak. Ba a gano komai sai bayan makonni, lokacin da mai kayan na ainihi ya bugo yana tambayar kuɗinsa. A nan kamfani ya yi asara sau biyu, domin bashin yana nan a kansa.

Alƙaluman cibiyar karɓar ƙorafe-ƙorafen laifukan intanet ta FBI sun nuna cewa irin wannan damfara ta kutsen imel ɗin kasuwanci ta lashe kimanin dala biliyan 2.9 a 2023, da kusan biliyan 2.8 a 2024, kuma wannan na waɗanda suka kai ƙara ne kawai. A gida Najeriya, cibiyar NIBSS da ke daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna ta ce asarar da aka yi ta hanyar zamba ta tashi daga kimanin naira biliyan 17.6 a 2023 zuwa sama da biliyan 52 a 2024.

A da, shawarar da ake bayarwa ita ce a nemi jin muryar mai umarnin ko a ga fuskarsa. Abin da ya faru da kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong a farkon 2024 ya girgiza wannan shawara. Wani ma'aikacin sashen kuɗi ya sami saƙo da sunan babban jami'in kuɗi na kamfanin da ke Landan game da wata hada-hadar sirri. Ya yi shakka, kamar yadda ya kamata. Sai aka gayyace shi taron bidiyo, ya ga jami'in da wasu abokan aiki da ya sani, suna magana da muryoyinsu. Hankalinsa ya kwanta, ya tura kuɗi sau 15 zuwa asusu biyar, kimanin dala miliyan 25. Duk fuskokin da ya gani a taron na bogi ne, an haɗa su da ƙirƙirarriyar basira. Manyan jami'ai da 'yan siyasa da hotunansu da jawabansu suka cika intanet su ne suka fi sauƙin kwaikwayo ta wannan hanya, abin da ya kamata hadimansu su sa a rai.

Maganin mafi yawan wannan ba shi da tsada, sai dai yana buƙatar shugaba ya sauke girman kai. Duk umarnin biyan kuɗi mai yawa, da duk wata sanarwar sauya asusu, a tabbatar da shi ta hanyar kiran lambar da aka riga aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba, kuma mai biyan ne zai yi kiran, ba shi za a kira ba. Kada mutum ɗaya ya shirya biya kuma ya amince da shi. A kunna tabbaci mai mataki biyu a imel da WhatsApp, wanda kyauta ne, kuma da shi kalmar sirri kaɗai ba ta isa buɗe akwati. Amma duk wannan ba zai yi aiki ba sai maigidan da kansa ya tara ma'aikata ya faɗa musu cewa wanda ya dakatar da biya domin ya tabbatar, ko da umarnin na gaskiya ne, bai yi laifi ba.

Akwai kuma ƙofofin da aka manta a buɗe. A watan Mayun 2021, kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai kusan rabin man da ake amfani da shi a gabashin Amurka, ya rufe aiki na kwanaki bayan masu kutse sun yi garkuwa da bayanansa suna neman kuɗin fansa. Ya biya dala miliyan 4.4. Ta ina suka shiga? Ta wani tsohon asusun shiga na'urorin kamfanin da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, wanda kalmar sirri ɗaya ce kawai ke tsaronsa. Kamfanoni nawa ne a Wuse ko Garki suke rufe imel ɗin ma'aikaci ranar da ya ajiye aiki, ko su cire lambarsa daga zauren WhatsApp na ofis?

Kayan da ba na kamfani ba

Idan kuɗi aka sace, kamfani ne ke kuka. Amma akwai wata dukiyar da ke cikin kowane ofis wadda ba ta mai ofishin ba ce. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya nemi rance, ko ya shiga tsarin mallakar gida, ko ya yi rajista da kamfanin inshorar lafiya, ko ya sa ɗansa a makaranta, ya bar takardar albashinsa, lambarsa ta IPPIS, lambar NIN, lambar BVN, hotonsa, adireshin gidansa da sunan magajinsa a hannun mutanen da bai san inda suke ajiye su ba. Ya ba da su ne domin buƙata ɗaya. Ajiya ce, kuma idan ta zube, shi ne za a ci bashi da sunansa ko a yashe masa asusu.

A watan Maris na 2024, gidauniyar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya ga duk mai 'yan canji. Watanni uku bayan haka, ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana wani shafin, AnyVerify, inda ake samun bayanan NIN da BVN da wasunsu a kan kuɗin da ya fara daga naira 100. Domin ta nuna girman abin, ƙungiyar ta ce ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa Bosun Tijani, da ta shugaban Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, Vincent Olatunji. Hukumar NIMC mai kula da katin ɗan ƙasa ta dage cewa ba a fasa rumbunta ba, ta kuma gargaɗi jama'a game da irin waɗannan shafuka. Ko ma ta ina bayanan suka bi, darasin ga ɗan kasuwa ɗaya ne: mutum ya kawo sunan wani da ranar haihuwarsa da lambar NIN ɗinsa daidai, ba hujja ba ce cewa shi ne mai su.

Sai dai ba kowace zubewar bayanai ce ke buƙatar mai kutse ba. Takardun neman aiki da aka gama da su akan sayar wa masu sayen tsofaffin takardu, daga nan su koma naɗin ƙosai da tsire, da suna da lambar waya da hoto a jiki. Shagunan fotokofi da buga takardu da ke kewaye da manyan ofisoshi suna riƙe da dubban fasfo da takardun banki a kwamfutocin da kowa ke zama a kansu. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta akanta ta lalace, an kai gyara ko an sayar ba tare da an goge komai ba. Jerin sunayen ma'aikata da albashinsu an tura shi zaure maras dacewa bisa kuskure. A idon doka, duk waɗannan keta haddin bayanai ne, babu bambanci da kutsen da aka yi daga wata ƙasa.

Akwai kuma kamfanonin da su da kansu suka mayar da bayanan mutane makami. Ma'aikata da dama sun san raɗaɗin manhajojin ba da rance da ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mai karɓar bashi, idan ya yi jinkiri su aika wa surukansa da shugabansa a ofis saƙon cewa ɓarawo ne. A watan Agustan 2021, hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a kan irin wannan, kuma a 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa shiga jerin lambobi da hotunan masu amfani da su.

Abin da doka ta ɗora

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya daɗe da tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, amma an shafe shekaru babu wata dokar da ta fayyace abin da hakan ke nufi ga mai ajiye bayanan wasu. NITDA ta fitar da ƙa'idoji a 2019. Sai a watan Yunin 2023, makonni biyu bayan hawansa mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC.

Dokar ta ce kada a karɓi bayanan mutum sai da halastaccen dalili, kada a karɓi fiye da abin da ake buƙata, kada a yi amfani da su a wani abin da ba shi aka faɗa ba, kada a ci gaba da riƙe su bayan buƙatar ta wuce, kuma a tsare su. Mai bayanan na da haƙƙin ya tambayi abin da aka ajiye game da shi, ya sa a gyara kuskure, ya janye amincewarsa. Ga manyan masu sarrafa bayanai, tara na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na jimillar kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa, naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. A lura, daga kuɗin shiga ake lissafin, ba daga riba ba, saboda haka kamfanin da ya yi shekarar faɗuwa ma bai tsira ba.

An fara ganin haƙoran dokar a watan Agustan 2024, lokacin da NDPC ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8, wanda ta ce kashi 0.1 ne cikin 100 na kuɗin shigar bankin a 2023. Babu wani mai kutse a labarin. Mutum ɗaya ne ya kai ƙara a watan Afrilun 2023 cewa an yi amfani da bayanansa wajen buɗe asusu ba da saninsa ba. Da hukumar ta shiga bincike, sai ta ce ta tarar bankin na sarrafa bayanan mutane ba tare da cikakkiyar amincewarsu ba, yana kuma hulɗa da wasu kamfanonin da ke yi masa aiki waɗanda ba su cika sharuɗɗan doka ba. Bankin ya musanta karya wata doka. A watan Yulin 2025 kuma hukumar ta ci tarar MultiChoice Nigeria, mai DStv da GOtv, naira miliyan 766 da 'yan kai, bisa zargin kutsa kai cikin sirrin masu hulɗa da shi da fitar da bayanan 'yan Najeriya zuwa ƙasashen waje ba bisa ƙa'ida ba. Kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp shi ma ya sha tasa: dala miliyan 220 daga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC a 2024, da dala miliyan 32.8 daga NDPC a 2025.

Mai ƙaramin kamfani na iya karanta waɗannan sunaye ya ce wannan rigimar manya ce. Ba haka ba ne. A ƙa'idojin hukumar, wanda ke sarrafa bayanan mutane fiye da 200 cikin wata shida yana iya shiga matakin farko na waɗanda ake buƙatar su yi rajista. Makarantar firamare mai zaman kanta a Kubwa ta wuce wannan adadi, haka ma ƙaramin asibiti a Nyanya. Batun bankin Fidelity ya kuma nuna wani abu da ya shafi 'yan kwangila kai-tsaye: laifin wanda aka ba aiki yana komawa kan wanda ya ba shi. Kamfanin da ya karɓi aikin tantance ma'aikata, ko buga katin shaida, ko mayar da fayilolin wata ma'aikata zuwa kwamfuta, a daidai lokacin da Shugabar Ma'aikatan Tarayya Didi Esther Walson-Jack ta matsa a rabu da aikin takarda, yana riƙe da rayuwar dubban mutane a na'urorinsa. Jami'in da ya sa hannu a kwangilar ba tare da ya tambayi inda za a ajiye bayanan da wanda zai iya taɓa su da ranar da za a goge su ba, ya bar ma'aikatarsa a buɗe.

Wurin da dokar ta fi cin karo da al'adar kasuwanci shi ne batun sanarwa. Abin da aka saba shi ne rufa-rufa. Kamfanin da aka yi wa kutse yakan yi shiru don kada abokan ciniki su gudu, a sallami wani ƙaramin ma'aikaci, a ci gaba kamar ba a yi ba. Yanzu doka ta ce idan an keta bayanai ta yadda abin zai iya cutar da masu su, dole a sanar da NDPC cikin sa'o'i 72 daga lokacin da aka gano, idan kuma haɗarin babba ne, a gaya wa mutanen da abin ya shafa nan take, cikin harshen da za su gane, tare da matakin da za su ɗauka. Gyaran da aka yi wa Dokar Laifukan Intanet ta 2015 a watan Fabrairun 2024 shi ma ya rage wa'adin kai rahoton kutse ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro daga kwana bakwai zuwa sa'o'i 72.

Kwana uku ba yawa, musamman idan abin ya faɗo ranar Juma'a da yamma. Kamfanin da bai taɓa zama ya tsara wanda zai kira banki, wanda zai kira lauya da wanda zai rubuta wa hukuma ba, zai ƙarar da ranar farko wajen neman wanda za a ɗora wa laifi. A ɓangaren kuɗi kuwa, sa'o'in farko ne ke raba gardama, domin kuɗin sata ba sa kwana a asusu ɗaya. A watan Fabrairun 2023, takardun kotu sun nuna lauyoyin Flutterwave na neman a daskarar da asusun ajiya a cibiyoyin kuɗi 27 saboda wasu kuɗi kimanin naira biliyan 2.9 da aka karkatar, duk da cewa kamfanin ya ce ba a yi masa kutse ba kuma babu abokin hulɗarsa da ya yi asara. Yawan cibiyoyin kaɗai ya isa nuna saurin da kuɗi ke warwatsuwa.

Ba za a ce hukumar ta gama shimfiɗa ikonta ba. Ƙasar na da faɗi, kamfanoni da yawa ba su ma san da dokar ba, wasu ma'aikatun gwamnati kuma da ya kamata su zama abin koyi suna cikin masu sakaci. A watan Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta sanar da cewa an yi wa shafinta kutse, ta nemi jama'a su yi watsi da duk abin da suka gani a kai, shafin kuma ya shafe makonni a rufe. Akwai kuma masu ganin cewa rajista da rahoton shekara-shekara na iya zama wani sabon haraji da cike takarda, kamfani ya biya mai ba da shawara ya sami satifiket alhali kalmar sirrin manajansa na manne a jikin kwamfuta.

Duk da haka, wasiƙun sun fara isa. A watan Agustan 2025, NDPC ta wallafa sunayen kamfanoni sama da 1,300, da suka haɗa da cibiyoyin kuɗi, kamfanonin inshora da dillalansu, kamfanonin fansho da na caca, ta ba su kwana 21 su kawo shaidar cewa suna bin doka ko su fuskanci hukunci. An nemi kowannensu ya nuna rajistarsa, da rahoton binciken bin ƙa'ida da ya gabatar, da taƙaitaccen bayanin matakan tsaron da ya ɗauka, sannan ya rubuto sunan jami'in da ya naɗa domin kula da bayanan jama'a da lambar da za a same shi a kai.